Ranar da Aka Kaɗa wa Baba Ƙararrawa

Laifina ne, gara in faɗa tun da wuri kafin in sami inda zan ɓoye shi. Akwai wata farar ƙwaya ƙarama da Baba yake sha tun da shanyewar ɓarin jiki ta same shi, ta hawan jini, mai sa mutum yawan fitsari. Likita ya ce a ba shi da ƙarfe bakwai na safe don ta gama aikinta kafin azahar. Ni ce mai ba shi. Ranar Juma'ar nan na tashi da littafi a hannu, saura babi uku in gama, na ce bari in ƙarasa wannan shafin tukuna. Sai ƙarfe ɗaya da rabi, muna shirin fita, na hango ƙwayar a ɗan farantinta kusa da butar shayi. Na miƙa masa da ruwa. Ya haɗiye bai ko duba ba. Ban gaya wa Mama ba.

Dama Mama ba ta son tafiyar.

"Wata takwas ba ka sauka daga benen nan ba sai in asibiti za a je," ta ce. "Yau kuma za ka je ka zauna awa huɗu cikin tsofaffi suna ihu kamar kasuwar kifi."

"Shekara arba'in da biyu ban taɓa fashi ba, ya Samiha."

"To ɗauki sandar."

"Sanda ta tsofaffi ce."

"Kai kuma jariri ne, ko?"

Bai ɗauki sandar ba, ni ya ɗauka. Yayana Hazim yana Kuwait wurin aiki, ni ce auta, shekarata goma sha bakwai a lokacin. Babu ko mutum ɗaya cikin 'yan ajinsu na makarantar sojan ruwa da ya san abin da ya same shi. Duk wanda ya bugo waya sai Mama ta ce ya tafi wurin Hazim. Bakinsa ya koma daidai, magana garau, amma ƙafar hagu tana ɗan ja, hannun hagu kuwa ko cokali ba ya riƙewa. Sai ya cusa hannun a aljihun kwat, ni kuma na rataya a damtsensa kamar 'yar shagwaɓa. A madubin zaure muka gwada tafiyar sau uku kafin mu sauka.

A saman benen wani kulob da ke bakin teku ake yin liyafar shekara-shekara ta tsofaffin ɗaliban makarantar, nan Iskandariyya. Mun isa da wuri da gangan, zauren bai cika ba, muka lallaɓa har teburin ajinsu, can ƙurya, jikin taga. Tagogin manya ne, ana ganin ruwa, amma ba a buɗe su. Kafin ƙarfe biyu da rabi wurin ya cika da maza wajen ɗari uku, kowa da farin wando da baƙar kwat, suna rungume juna suna zagin juna. Matan da suka zo an ware musu tebura a jikin bango. Baba ya ja mini kujera a hagunsa da hannunsa mai lafiya.

"Guga!" wani ƙaton mutum ya kwaɗa kira tun daga nesa. Ammu Wagdi ne, wato baffa a bakinmu, abokin Baba tun ranar da aka aske musu kai tare a makarantar. Guga suke ce wa Baba saboda ba a taɓa ganin kayansa a yamutse ba. "Wallahi na ɗauka ka mutu an ɓoye mana! Jama'a ku dubi karin gugar wandon nan, ko kankana aka ɗora masa sai ya raba ta biyu."

"Tumbinka ya riga ka shigowa da minti biyar, ya Ganga," in ji Baba. Bai tashi ba. Ya miƙa hannun dama daga zaune.

"Kuwait ta sa maka girman kai. Kuma ba su ba ka abinci ba ne? Ka koma kamar sandar tuta." Ya juyo gare ni. "Wannan ce mai littafin? Nashwa? Ya binti, 'yata, me ya kawo ki teburin tsofaffin kuraye?"

Na buɗe baki, komai bai fito ba. Haka nake in an yi mini magana a cikin mutane, harshena sai ya manne.

"Sakatariyata ce," Baba ya ce.

"Sakatariya! Ka ji fa, Girgis? Ɗan fansho da sakatariya."

Ammu Girgis, wani siriri mai tabarau da ke zaune gabanmu, ya ce, "Ƙyale shi, ko ba komai ita za ta tuna masa lambarsa." Teburin ya kwashe da dariya. Ammu Wagdi ya faɗa kujerar da ke daman Baba har ta yi ƙara.

Can gaba, a kan dandamali, aka zaunar da Shaukat Basha, wanda ya girmi kowa a zauren, ya haura casa'in, idonsa ya dushe, kunnensa ma haka. A gabansa akwai ƙararrawar wani tsohon jirgi da babban kundi. Ya ja igiyar sau biyu, ya kai baki ga lasifika.

"An ɗage tsani!"

Aka rufe ƙofar. Wasu matasan hafsoshi biyu cikin fararen kaya suka tsaya a jikinta. Daga wannan lokacin zauren ya zama jirgi a tsakiyar ruwa, babu shiga babu fita sai an gama kiran lamba. Na sha jin Baba yana ba da labarin haka a gida yana dariya. Ban taɓa tunanin yadda ƙarar ƙofar take ba in kana ciki.

Aka kawo miya, aka kawo jatan lande, aka kawo gasasshen kifi da jar shinkafa. Na cire ƙayar kifin a farantina, na faki ido na musanya da nasa. Babu wanda ya lura. Har na fara sakin jiki, na ce ashe abin da sauƙi.

Wajen uku da rabi Baba ya fara gyara zama. Ya matse gwiwoyinsa, ya sake su. Wani tsohon kwamanda ya hau dandamali yana jawabi a kan tarihin makarantar, ya faro tun daga harsashin gini. Baba ya ture kofin ruwansa gefe.

"Ƙarfe nawa?" ya ce a hankali. Agogonsa yana hannun da ke cikin aljihu.

"Huɗu saura kwata."

Zufa ta tsattsafo masa a goshi duk da sanyin na'ura. Can ya karkato kansa gare ni.

"Nashwa. Ƙwayar da kika ba ni a bakin ƙofa, wacce ce?"

Na dubi farantina. Ya daɗe yana kallona, sannan ya mayar da idonsa kan taga. Da ma zagina ya yi.

"Baba, mu fita," na ce cikin raɗa. "In ce ni ce ba ni da lafiya."

Na ga idonsa yana auna hanyar. Daga teburinmu zuwa ƙofa sai an ratsa zauren duka, tsakanin kujeru a matse, yana jan ƙafa, ido ɗari shida a kansa. Abin da muka zo da wuri don mu guje masa ke nan.

"Je ki tambaya," ya ce daga ƙarshe. "A hankali."

Ban taɓa yin tafiya mai nisa irin wannan ba. Jakata ta bugi ƙeyar wani mai sanƙo, na ba shi haƙuri sau uku. Da na isa, ɗaya daga cikin hafsoshin ya sunkuyo da ladabi.

"Ke kam bismillah, ba a tsare mata."

"Ba ni ba ce. Ma… mahaifina ne. Yana son fita. Minti biyar kawai."

Ya dubi ɗan'uwansa, ya danne murmushi. "Wannan sai da izinin Basha. Ba ni sunansa da lambarsa in kai."

"Sai me?"

"Sai Basha ya faɗa a lasifika cewa wane yana neman jirgin ceto. Ana ɗan yi wa mutum tafi, shi ke nan. Wasa ne kawai."

Na ce bari in tambayo shi. Na sake ratso zauren, na sake bugun mai sanƙon nan.

Tun kafin in zauna na gane na makara. Baba ya daina motsi. Yana zaune tsaye kamar an dasa shi, idonsa a kan ruwan da ke bayan gilashi, fuskarsa ta yi fari fat. Na zauna, na ɗan ɗaga gefen mayafin tebur kamar mai neman takalmi. Farin wandon ya jiƙe tun daga cinya har ƙasa, ya manne a fatarsa, kuma ba farin launi ya bari ba. Kafet ɗin ja ne mai duhu, ya shanye sauran.

"Kada ki ce komai," ya ce, leɓensa kawai ke motsi.

Na tuna dabarar da kowa ya sani, a ture jug ɗin ruwa a jikin mutum a ce kuskure ne. Na kai ido. Ammu Wagdi ya shanye shi tas, saura yankin lemon tsami a ƙasa. Na dubi ƙofa, na dubi taga, na dubi silin. Littafin nan yana cikin jakata, ina jin kusurwarsa tana tokare mini cinya, na ji kamar in jefa shi teku.

Aka yi wa mai jawabi tafi. Shaukat Basha ya jawo kundin, wani ya riƙe masa madubin ƙara girman rubutu.

Ga yadda ake yi. Kowane ɗalibi yana da lambar da aka ba shi ranar da ya shiga makarantar. Basha zai kira lambar, mai ita ya miƙe tsaye ya ce, "Ina kan jirgi!" In an kira sau uku ba a tashi ba, to mutumin ya rasu cikin shekarar. Sai a kaɗa ƙararrawa sau ɗaya, zauren ya yi masa addu'a, Basha ya ja layi a kan lambar, ba za a sake kiranta ba. Lambar Baba ɗari shida da sha huɗu. Tun ina ƙarama na haddace ta, tana rubuce a cikin tsohuwar hularsa.

Aka faro daga tsofaffin azuzuwa. Lambobinsu tsalle suke yi, daga tamanin da ɗaya sai casa'in da shida, yawancinsu an riga an ja musu layi. A ɗari biyu da wani abu aka zo kan wani tsoho a keken guragu, kansa a karkace. Ɗansa ya miƙe a madadinsa ya ce, "Yana kan jirgi!" An yarda da haka ga wanda ba ya iya tashi. Zauren gaba ɗaya ya juya yana kallon tsohon, na ji ana ta "Allah sarki, ka ga yadda ya koma."

"Gara kabari," Baba ya ce, shi kaɗai.

Ɗari uku. Ɗari huɗu. An kaɗa ƙararrawa sau biyar, na ƙirga. Tsakanin nan cokalin Ammu Wagdi ya faɗi. Ya sunkuya da ƙyar yana nishi yana zagin tumbinsa, kansa ya shige ƙarƙashin mayafin. Ya ɗan jima. Da ya ɗago, bai ɗauko cokalin ba. Bai dubi Baba ba, bai dube ni ba. Tun da muka zauna bakinsa bai huta ba, sai a lokacin.

Ɗari biyar da casa'in. Ɗari shida. Mutanen teburinmu suka fara miƙewa ɗaya bayan ɗaya.

"Baba," na ce, "in tashi maka?"

Idonsa bai bar taga ba. Ni kaina ban san ko zan iya ba. Ba a taɓa jin muryar mace a kiran nan ba, kuma ni ce wadda ta kasa amsa gaisuwa ɗazu. In na tashi kuma, duk za su juyo su ce Allah sarki.

"Ɗari shida da sha uku!"

Ammu Wagdi ya miƙe. "Ina kan jirgi!" Gilasai suka yi rawa. Ya zauna.

"Ɗari shida da sha huɗu!"

Shiru.

"Midhat, kai ne fa," in ji Ammu Girgis. "Sakatariya, tuna masa ma…" Sai ya yi ƙara ya kama ƙaurinsa. Ammu Wagdi ne ya haure shi ta ƙasa.

"Ɗari shida da sha huɗu!"

Na dafa tebur. Ina ji a raina na tashi, amma cinyoyina suna nan manne da kujera. A nan ne hannun hagun Baba ya fito daga aljihu, hannun nan da wata takwas bai riƙe komai ba, ya faɗo a kan wuyan hannuna, yatsun suka ɗan naɗe. Sanyi gare shi. Ban gane ba, tura ni yake yi ko tsare ni.

"Ɗari shida da sha huɗu."

Teburan da ke kusa sun fara juyowa. Basha ba ya gani daga can. Ya jira kamar yadda ya jira wa sauran, sannan ya ja igiyar.

Ƙarar ta daɗe a cikin zauren. Na can nesa, waɗanda ba su san komai ba, suka ɗauka gaba ɗaya, "Allah ya jiƙansa." Baba yana zaune yana ji. Na ga Basha ya sunkuya a kan kundin da alƙalami.

Sai hayaniya ta tashi daga kusa da mu. "Yana nan, ya Basha! Ga shi zaune!" "Midhat, barci kake?" "Guga, tashi mana!" Wani daga teburin baya ya taso yana dariya, ya miƙo hannu zai ɗaga Baba ta hammata.

Ammu Wagdi ya riga shi. Ya miƙe har kujerarsa ta kife, ya tare mutumin da tumbinsa.

"Kai, ja da baya! Basha ya ce ya mutu, to ya mutu! Wa ya isa ya ƙaryata Basha a nan?" Ya ɗaga hannu biyu sama yana kukan ƙarya. "Wayyo Guga! Ka tafi ka bar mu da yamutsattsun kaya! Wa zai koya mana karin wando?"

Zauren ya fashe da dariya. Kusa da mu akwai wani teburi da ba a riga an jera kayan zaƙi a kai ba. Ya fizge mayafinsa, fari ƙal, ya lulluɓe Baba tun daga ƙirji har tafin ƙafa, ya cusa gefunan a ƙarƙashin kujera da sauri kamar mai gyara gadon barikin soja.

"A'uzubillahi, Wagdi, wannan wane irin wasa ne?" wani ya ce.

"Wasa? Gaggauta jana'iza sunna ce, ya Hajji! Girgis, kama ƙafar can, ko don kai Kirista ne ba ka ɗaukar gawar Musulmi?"

Ammu Girgis ya dubi Ammu Wagdi ta saman tabarau, ya dubi Baba, ya daina murmushi na ɗan lokaci. Sannan ya tashi ya kama. Su shida suka ɗaga shi har da kujerar. Bai yi musu nauyi ba, na ga hakan ya ba wasunsu mamaki. Baba ya rufe ido. Ko don wasan ne, ko don kada ya ga kowa, ban sani ba.

Suka ratsa zauren da shi a kafaɗa, ana tafi, ana buga cokula a gilasai, wasu na sara masa. Ni ina biye da jakata a ƙirji. Hafsoshin ƙofa suka tsaya suna kallon juna.

"Ya Fandim, ranka ya daɗe, tsani…" in ji wanda na yi wa magana.

"Tsani na masu rai ne, ɗana. A ina ka taɓa ganin an tsare gawa? Buɗe!" Ya waiwaya ya kwaɗa wa dandamali kira, "Ya Basha, a jira mu mu dawo daga maƙabarta!"

Wani yana yi wa Basha bayani a kunne. Tsohon ya yi dariya har da tari, ya kaɗa hannu. Aka buɗe.

A wani ɗan ɗaki kusa da madafa suka sauke shi, inda ake ajiye kujerun da suka karye. Suna haki, suna dariya, dariyar tana raguwa. A ƙaramin ɗaki wari ba ya ɓuya. Babu wanda ya dubi ƙasa.

"Ku koma, kada a binne ku ku ma," in ji Ammu Wagdi. Suka fita ɗaya bayan ɗaya. Ammu Girgis ya dafa kafaɗar Baba ya wuce.

Baba ya buɗe ido. "Ya ja layin, Wagdi. Na gani."

"Gawa ba ta magana."

"Ya ja layin."

"To sai me? Basha ko sunan matarsa aka ba shi zai ja wa layi. Baɗi ka zo ka miƙe, a sake rubuta ka." Yana magana yana danna waya, yana kiran direbansa ya zagayo ta ƙofar baya. Bai tambayi komai a kan hannun ba, ko ƙafar, alhali ya ga yadda na tallafe Baba har cikin lif ɗin masu abinci. Da zai rufe mana ƙofar mota ya ce mini, "Mayafin nan ku riƙe, ya binti. Ba a mayar da likkafani." Sai ya bugi rufin motar ya juya da sauri.

Muka hau titin bakin teku. Rana ba ta faɗi ba tukuna, mutane na zaune a kan katanga suna cin gasasshiyar masara. Baba yana naɗe cikin mayafin tebur har ƙirji.

"Baba, ta safe ce. Mantawa na yi. Karatu nake yi."

"Na sani."

"Za ka koma baɗi?"

Muka wuce fitilar hanya biyu.

"Da ka riƙe ni," na ce, "tashi kake so in yi, ko zama?"

Ya dubi hannun, yana kwance a kan farin mayafin kamar na wani. Ya daɗe yana kallonsa.

"Wannan ya daina neman izinina tun bara, Nashwa. Ni ma so nake in sani."

Direban ya tambaya ta wane layi zai shiga. Baba ya ce ya bi ta baya, inda mai gadin benenmu ba ya zama.